Gudun Da Ya Fi Guguwar Ɓarna

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a gidan makoki, a islamiyyarmu ta matan aure, har a bakin injin niƙa, tambayar ɗaya ce: Malama, yaya ƙasar take? Da na buɗe baki zan faɗi abin da ke raina sai wata ta katse ni, wai da gaske ne ana ɗinka wa karnuka riga. Da gaske ne. Amma ba shi na gano ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, wanda bai iya karatu ba jikansa ya karanta masa.

Shekaru masu yawa na yi ina koyarwa a firamare, na fara a Sule Tankarkar, na yi ritaya a nan Gumel ina shugabar makaranta. Autata Bilkisu tana auren Malam Kabiru, mutumin Gagarawa, wanda ya tafi ƙarin karatu a wani babban birni da ke kusa da teku a kudancin ƙasar Amurka. Da cikinta na fari ya tsufa suka nema mini takardu in je in yi mata zaman jego. Ban yi gardama ba. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta haihu a inda babu mai dama mata ko kunu?

A hanyarmu ta zuwa Kano muka tsaya a Gagarawa in yi sallama da mahaifiyar Kabiru. Baiwar Allah nan ta cika mini jaka da kilishi, da surfaffen gero, da daddawa, da kuka, da yajin jego, da kanwa ƙulli guda. Na ce mata kayan sun yi yawa, ta ce ai ba ni zan ɗauka a ka ba, jirgi ne.

Maganar jirgi ba ta da daɗin ji, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai ciki. A inda muka sauka ne aka fara wasan. Wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, kamar shi ya aike ni kasuwa. Nan take aka ja ni gefe. Wani jami'i ya sa safar hannu ya dinga fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Kilishi ya tafi kwandon shara, ina ji ina gani. Gero ma ya bi shi, wai iri ne. Da ya zo kan kanwa sai ya kira abokin aikinsa suka tsaya suna juya ta. Na gane abin da suke zato, na ɓantari kaɗan na lasa a gabansu, na ce gishirin girki ne na mai jego. Daddawa kuwa, buɗe ledar kawai ya yi, ya ƙulle da sauri ya miƙo mini kayata. A raina na ce, ashe kowa da abin da yake tsoro.

Gidan da suke haya bene ne mai ɗakuna da yawa, duk na katako. In ka ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar akwati. Mutane sun fi talatin a ginin, amma makona ya cika ban ji wanda ya ce mini sannu ba. In kun haɗu a matakala sai a yi maka wani ɗan murmushi na leɓe, a wuce. Mutum ɗaya ce ta bambanta, wata tsohuwa baƙar fata da ke ɗakin ƙasa, sunanta Doroti. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki can arewacin ƙasar, tafiyar jirgi. Kullum da hantsi tana zaune a kujera a bakin ƙofarta. Ranar da na fara durƙusawa na gaishe ta irin tamu, dariya ta yi har da hawaye, ta ce rabon da wani ya rusuna mata tun ranar aurenta. Daga nan muka saba. Da ta ji ni malama ce sai ta sa mini Tica. Ina kai mata tuwo da miyar kuka, tana ci da cokali tana yabawa, ko da gaske ko don kara. Tana da ciwon suga, ita take yi wa kanta allura, maganin kuma a firij yake zama don ba ya son zafi.

Bilkisu ta haihu, amma sai da aka yi mata aiki. Namiji ne. Likita ya hana wankan jego saboda ɗinki, na haƙura da kunun kanwa kawai. Ranar suna mu bakwai ne a ɗaki, har da Doroti, wadda ta zo da hular coci da kyautar ɗan bargo. Na tuna yadda gidana ke cika ranar suna har a rasa wurin ajiye takalmi, na shiga banɗaki na share hawaye na fito.

Maigidana, haka nake kiran jaririn, yana da kwana goma sha biyu aka fara maganar guguwa. A talabijin ake nuna ta, wani farin abu kamar faifai yana juyawa a kan teku, an ja jan layi daga shi zuwa birninmu. Ba a daɗe ba da wata irinta ta cinye wani birni, mutane sun ga gawawwaki a ruwa da idonsu, don haka tsoro ya riga ya shiga kowa. Da farko aka ce mutanen bakin teku su tashi. Wannan daidai ne. Washegari sai ga wani babba a cikin masu mulkin birnin ya fito yana cewa kada kowa ya tsaya jira, duk wanda zai iya fita ya fita. Bai ce wace unguwa ba. Bai ce wa zai fara wa zai biyo baya ba. Birni ne da ya ninka Kano a faɗi, aka ce masa tashi, a rana ɗaya. Mu unguwarmu a kan tudu take, nesa da ruwa, amma sai daga baya muka san cewa ba mu cikin waɗanda ya kamata su motsa. A lokacin babu wanda ya gaya mana.

Kabiru ya fita neman ruwan sha da burodi ya tarar an wawashe kantuna. A gidan mai ya yi layi daga azahar zuwa magariba, ya samo rabin tanki. Muka shirya a kan mu tashi bayan sallar asuba, mu nufi wani birni na cikin ƙasa inda abokinsa yake, tafiyar da aka ce ba ta fi ta Gumel zuwa Kaduna ba.

Da gari ya waye na sauko da jariri a hannu, sai na ga Doroti a kujerarta, ta yi shigar fita, jakarta a cinya. Ta ce ta kira lambar da aka bayar ta marasa mota, an rubuta sunanta, an ce bas za ta zo. Tun jiya da safe take jira. Na dubi filin ajiye motoci, saura tamu da wasu biyu. Duk mutanen ginin nan sun wuce ta gabanta da akwatunansu, sun ɗaga mata hannu.

Na sami Kabiru na ce mu tafi da ita. Ya sunkuyar da kai ya ce motar ta cika, kuma ƙasar nan ba kamar gida ba ce, in wani abu ya same ta a hannunmu doka na iya hawa kanmu, gara a bar ta ga hukumar da ta rubuta sunanta. Ku da kuka san ni kun san ban taɓa haɗa ido da surukina ba, ballantana in ja magana da shi. Ranar na buɗe ƙofar baya da kaina, na sauke akwatina da ke kan kujera na ajiye a ƙasa.

"Malam, ko ta shiga motar nan, ko ni in zauna tare da ita mu jira bas ɗin."

"Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Bari in ɗauko mata maganinta."

Ya zuba ƙanƙara a ƙaramar kula ya sa allurarta a ciki. Bilkisu ta zauna gaba saboda ɗinki, ni da Doroti da jariri a baya.

Muna hawa babban titi muka tsaya. Ban ce muka rage gudu ba, tsayawa muka yi. Titi ne mai layi biyar ko shida a hannu ɗaya, kowane layi mota ta dafa mota har iyakar ganin ido. Abin da ya fara tayar mini da rai shi ne ɗaya hannun, na masu shiga birni. Fayau yake, ko tsuntsu babu, ga faɗi kamar filin idi, amma an hana bi. Na tambayi Kabiru dalili, ya ce rediyo ta ce ana shawarar buɗe shi. Shawara! Ranar Alhamis a Maigatari, in manyan motocin shanu suka sarƙe da na hatsi da masu tsallakowa daga Nijar, 'yan kamasho huɗu da bulala da kakkausar murya suke warware ta kafin ka gama shan fura. Ba su da jirgi mai saukar ungulu, ba su da talabijin. A can jiragen na ta shawagi a kanmu suna ɗaukar hotonmu, hanya kuma tana kwance babu kowa. Sai da rana ta yi tsaka aka buɗe ta, can gaba da mu, inda ba ta amfane mu da komai ba.

Abu na biyu, da na leƙa motocin da ke kewaye da mu sai na ga rabinsu mutum ɗaya ne a ciki. Miji da motarsa, mata da tata, saurayin ɗansu da tasa, wani ma ya ɗauro kwalekwale a baya yana ja. Ba mutane ake tserarwa ba, motoci ake tserarwa. Kujeru babu iyaka a wofi, alhali an baro irin su Doroti a bakin ƙofa. A tashar Gumel motar da aka yi don mutum biyar takan ɗauki tara, ina cikin masu tsine wa direbobi a kan haka. Ranar na nemi gafararsu a zuci.

Daga hantsi zuwa la'asar ba mu ci tafiyar da ta kai daga Gumel zuwa Maigatari ba. Zafin garin irin mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa, ba irin namu ba da in ka samu inuwa ka tsira. Kabiru ya kashe na'urar sanyi don mai ya kai mu, daga baya ma ya dinga kashe motar gaba ɗaya, in layi ya motsa shi da wasu su tura. Kowane gidan mai muka hango an rufe, an sa leda an ɗaure kan famfo, ma'aikatan su ma sun gudu. Rediyo na ta cewa ga tankokin mai nan an turo don waɗanda nasu ya ƙare. Har muka bar titin nan ban ga ko ɗaya ba. Ni da na yi shekaru ina zagin 'yan bumburutu, ranar da zan ga ɗaya a bakin hanya da galan da mazurari, da na sa masa albarka.

Sai maganar da ba a so a faɗa, amma zan faɗa. Babu banɗaki. An fito da mata da tsofaffi da yara kan titi yini guda, babu wanda ya yi tunanin ɗan Adam yana da wannan buƙata. Na daure har na ji marata za ta fashe, don kunyar surukina. Bilkisu ce ta gane, ta ce wa mijinta ya je ya duba abin da ke faruwa a gaba. Shi ma ya gane, ya yi nisa. Muka sauka gefen titi, Doroti ta riƙe bakin zane ɗaya, Bilkisu da ɗinkinta ta riƙe ɗaya, muka yi bi da bi. Kafin mu gama wasu mata uku Turawa sun zo sun tsaya suna roƙon aron zanen. Atamfata ta yi aikin da hukumar birni guda ta kasa.

A gefenmu akwai wata motar ɗaukar kaya ta wani mai gyaran rufin gidaje, mutumin Meziko, da matarsa da surukarsa da yara cike da baya. Su kaɗai na gani sun yi lodi irin namu. Turancinsa kaɗan ne, nawa kuma bai gane shi sosai, amma mun fahimci juna. Na ba su dabino da ƙuli-ƙuli, matarsa ta ba mu wata gurasar masara mai laushi da dafaffen wake a ciki. Da ya ga allurar manmu ta kwanta, sai ya ɗauko tiyo ya zuƙo daga tankinsa da baki ya cika mana galan, ya tofar, ya yi dariya. Ko sunansa ban riƙe ba. Allah ya saka masa.

Wajen la'asar jariri ya daina kuka. Wanda bai yi reno ba zai ce sauƙi ne. Jikinsa ya yi ja, ya ƙi kama nono, maɗigarsa ta faɗa. Na tuɓe shi, na dinga jiƙa ɗankwalina da ruwan da ya rage ina shafa masa, Doroti na yi masa fifita da wata takarda tana rera masa waƙar cocinsu a hankali. Ruwan shanta ma ta miƙo ta ce a jiƙa da shi, ita ba ta jin ƙishi. Na karɓa. Wannan karɓar tana cikin abubuwan da nake juyawa a raina har yau. Ƙanƙarar kula kuwa tun azahar ta narke, ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka.

A kan titin muka kwana a zaune. Da gari ya waye jariri ya ɗan kama nono, amma Doroti ta canza. Ta yi allurarta, ba ta yi mata aiki ba. Leɓenta ya bushe, tana numfashi da sauri, ta fara kirana da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tuntuni, tana tambayata ko na rufe taga. Kabiru ya kira lambar gaggawa ya fi sau goma. Da aka ɗauka aka ce motar asibiti ba ta da hanyar isowa inda muke, mu yi ƙoƙari mu kai ta asibiti mafi kusa.

Ga mafita kuwa muna ganinta, 'yar hanya da ta ratse zuwa wani ƙaramin gari, amma an gindaya shinge, ɗan sanda na tsaye. Duk mafitar da muka wuce tun jiya haka take, wai kada masu gudu su cika ƙananan garuruwa. An ce ka gudu, an ɗora ka a hanya ɗaya, an toshe gaba, an toshe gefe. Kabiru ya je ya yi masa magana da ladabi irin na baƙo mai tsoron takardunsa, ya dawo ya ce an ce umarni ne daga sama.

Na ɗauki jariri tsirara a hannuna na taka har gaban ɗan sandan. Yaro ne, bai fi sa'ar ɗaliban da na yaye ba, fuskarsa ta ƙone da rana, shi ma da gani bai runtsa ba. Na yi masa muryar da nake yi a filin taron makaranta.

"Ɗana, kwanan wannan goma sha biyar a duniya. A motar can akwai tsohuwa da ba ta san inda take ba. Wanda ya ba ka umarnin yana ɗaki mai sanyi. Kai ne a nan, kai za ka gan su in sun mutu."

Ya dubi jaririn, ya dubi motar. Ya ce in ya buɗe mana kowa zai biyo. Na ce to ya buɗe ya rufe, hannu gare shi. Ya ja shingen, muka wuce, ya mayar.

Asibitin garin ƙarami ne, bai kai babban asibitinmu na nan ba, ga mutane har a baranda, yawancinsu daga titin nan aka kwaso su, zafi ya kayar. Aka karɓi Doroti aka shige da ita. Jariri aka sa masa ruwa, kafin yamma ya buɗe ido ya tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Ɗinkin Bilkisu ya ɗan buɗe, aka gyara.

Masauki babu, kowane otal ya cika. Wata ma'aikaciyar jinya ta kwatanta mana wani coci da ya buɗe zaurensa. A nan muka yi kwana uku a kan katifun ƙasa, mu da mutane fiye da ɗari. Zan faɗi gaskiya, matan cocin nan sun yi mana abin kirki. Da na tambayi abin da ke cikin miya suka gane, suka dinga dafa mana wake da shinkafa a tukunya daban, babu naman alade. Ɗaya ta kawo labule ta kewaye wa Bilkisu lungu don shayarwa, a nan muke salla, babu wanda ya ɗaga mana gira. Mutanen ƙasar ba mugaye ba ne. In ka faɗo a gabansu za su ɗaga ka. Sai dai kafin ka faɗi ba mai ganinka.

A zauren nan muka kalli isowar guguwar a talabijin. Ta karkata. Ta bar birninmu ta faɗa wa wasu ƙananan garuruwa na bakin teku can gabas, ta yi musu ɓarna sosai, Allah ya jiƙan na jiƙa. Birnin da aka kwashe kuwa iska ce da ruwan sama da karyayyun rassa.

A rana ta uku Doroti ta rasu. Likitar ta ce zafi da rashin ruwa da sugan da ya hau sun taru sun kashe mata ƙoda. Ina wurin. Ba ta farfaɗo ta gane ni ba.

Komawa gida, tafiyar da ta ci mana yini da kwana, ba ta kai awa biyu ba. Muka tarar da ginin yadda muka bar shi. Akwatina na nan a inda na ajiye, ruwa ya ɗan taɓa shi. Wani maƙwabci da ya ƙi tashi ya ce ko wuta ba a ɗauke ba. Wato da na bar Doroti, da tana ɗakinta da sanyinta da maganinta a firij. Na tambaye shi bas fa? Ya ce babu bas ɗin da ta zo, har yau.

Kabiru bai taɓa ce mini ai na faɗa ba, ko da ido. Shi ya kira ɗanta, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu. Da ɗan ya iso, wani dattijo mai furfura, na yi shirin ya zage ni, na ga ya cancanta. Sai ya kama hannuna biyu yana godiya, ya ce ta kira shi daga hanya a ranar farko ta ce kada ya damu, tana tare da mutanenta. Godiyar ta fi zagi ciwo.

Bayan kwana biyu manyan birnin suka sake fitowa a talabijin, da rigunansu a goge, suna cewa an koyi darasi. Na ji an ce waɗanda suka mutu a hanya sun fi waɗanda iskar ta kashe a birnin, ban san adadi ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Ni dai na san guda. Kuma darasin da suke cewa sun koya da rayukan mutane, wace uwar gida ce ba ta san shi ba? Ba a cewa kowa ya tashi sai an faɗi wa zai zauna. In ka tsorata wanda ba ya cikin haɗari, ya fito ya tare wa wanda ke cikinsa hanya. Ba a ɗora mutane a hanya sai an tanadi ruwa da mai da wurin tsuguno. Wanda ka rubuta sunansa ka ce ya jira, ka ɗauki amanarsa. Ni ma na koyi nawa, mai ɗaci: tausayi ba ya isa in babu sani. Na ɗauke ta don kada in bar ta, ban tsaya na tambayi ko tafiyar ta fi zaman hatsari ga mai irin ciwonta ba. Amma wa zan tambaya? Waɗanda suka sani su ne suka ce mu gudu.

Na cika wata uku na dawo. Bayan na huta na je Ɗanzomo gaishe da yayana, Alhaji Sale, wanda duk rayuwarsa kiwo ne da noma, bai taɓa zama a aji ba. Na same shi a gindin bishiya yana gyaran igiya. Na ba shi labarin nan tun daga farko, na ce masa abin ya tsaya mini a rai, ina ganin kamar ni na kai ta ga ajalinta.

Ya ce ajali ba a hannuna yake ba, inda aka rubuta mata nan ta je ta same shi, in roƙa wa kaina sauƙi in daina ɗaukar kayan da ba nawa ba. Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya tambaye ni, su masu cewa a tashin, sun tura wani ya dubo hanyar kafin su faɗa? Na ce ban ga alama ba. Ya tambaya ko sun san inda za a sha ruwa. Na ce babu. Ya ce masu ciki da ƙanana da tsofaffi fa, su aka fara fitarwa da sanyin safiya? Na ce tare aka kwaso kowa, mai ƙarfi ya yi gaba.

Ya ajiye igiyar ya dube ni.

"Rabi, ni da na ba wa makiyayi shanuna ya kora su haka, ko ɗaya ba ta mutu ba, a ranar zan karɓe sandata."